Teburin Laraba na Baba Sakatare

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa, domin karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni ko sunana aka kira cikin mutane sai muryata ta maƙale. Na ce wa Inna, "Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana rubutu, ni ce zan yi masa rubutu?" Ta ce, "To ki bari. Sai keken ɗinkin ya rubuta, ai shi ma ya san abin da aka yi masa." Shi ya sa na zauna.

Baba Sakatare ma'aikacin haraji ne, kuma shi ne sakataren ƙungiyar ma'aikatan haraji ta garinmu tun ranar da aka kafa ta. Kullum ƙarfe bakwai da rabi yake wucewa ta gaban shagonmu a kan tsohon kekensa, da jakar fata a rataye, da biro uku a aljihun gaba. Mai sharar ofis ta ce shi yake fara zuwa. Zai gaishe ta, ya tambayi ƙafarta mai ciwo, ya buɗe tagogi, ya goge teburinsa da kansa. Amma ranar Laraba ba a ganinsa a ofis. Ranar yakan ɗauko wani tebur na katako mai gajeriyar ƙafa ɗaya, ya kai bakin ƙofar kasuwa, ya cusa ninkakken kwali a ƙarƙashin ƙafar, ya zauna. Duk wanda aka aiko wa takardar haraji bai gane ta ba, sai ya kawo. Baba zai karanta masa a hankali, ya fassara, sannan ya ce, "To, yanzu kai ka faɗa mini abin da ta ce." Ba ya barin mutum ya tashi sai ya maimaita daidai. Ko sisi ba ya karɓa.

Mai gyaran takalma da ke gefen ƙofar, wanda ya ga farkon abin, shi ya ba ni tarihin. Ya ce a da, da an hango mai haraji sai ka ji ƙofofi suna rufuwa ɗaya bayan ɗaya, mutane su ɓuya a bayan buhuna. Akwai ranar da aka sheƙa wa wani abokin aikin Baba ruwan wanke-wanke. Washegari ma'aikatan haraji su bakwai suka taru a ɗakin ajiyar karyayyun kujeru na ofis. Wasu suka ce a nemo masu tsaro su riƙa raka su. Baba ya ce, "Mutanen nan ba mu suke ƙi ba, takardar da ba su iya karantawa suke tsoro." A nan aka kafa ƙungiyar. Da kuɗin da suka fara haɗawa suka sayi teburin nan. Kuma dokar farko da Baba ya rubuta a littafinsu ita ce: kada ɗan ƙungiya ya yanka wa shago haraji daga bakin titi, sai ya shiga, ya yi sallama, ya zauna.

Yau 'yan ƙungiyar sun fi ɗari biyu. Suna koyar da sababbin ma'aikata, suna kula da iyalan waɗanda suka rasu a cikinsu, sau biyu a shekara kuma suna zuwa asibiti su ba da jini. Amma ni abin da na gani da idona shi zan faɗa.

Shagonmu ɗaki ɗaya ne, keken ɗinki ɗaya, benci ɗaya, da dutsen guga. Da shi Inna ta riƙe mu tun rasuwar Babanmu. Yayana kuwa mai zanen allo ne, kuma mutum ne mai son girma. Ya zana mana allon da ya fi ƙofar faɗi, da jan fenti da ruwan zinariya: BABBAR MASANA'ANTAR ƊINKI TA ZAMANI, HEDIKWATA. Inna ta ce, "Hedikwatar me? Ina rassan?" Ya ce, "Suna tafe, Inna."

Rassa ba su zo ba, takarda ce ta zo, da jan hatimi. Wani sabon ma'aikaci da ake ce wa Dogo ya biyo layinmu da rana tsaka, ya ɗaga kai ya karanta allon, ya rubuta mu a cikin masana'antu, ya wuce. Inna ta tura takardar ƙarƙashin katifa, ta hana kowa maganarta. Bayan wata biyu takarda ta biyu ta zo. Na lallaɓa na karanta da ɗan karatuna, na gane abu biyu: kwana bakwai, da rufewa. In aka rufe shagon, ba mu da wata hanyar abinci.

Ranar Laraba Inna ta ce in kai. Na yi awa guda a bayan mai gyaran takalma na kasa matsawa, har Baba ya hango ni.

"'Yata, takardar ce ke cizo, ko ni?"

Na miƙa masa takardar. Ya karanta, ya gyara tabarau, ya sake karantawa.

"Ma'aikata nawa gare ku a masana'antar?"

Na ce, "Ni da Inna."

"Injuna fa?"

"Keke ɗaya, Baba. Shi ma sai an lallashe shi."

Bai yi dariya ba a lokacin. Ya bar wa mai gyaran takalma gadin tebur, ya aika aka kira Dogo daga ofis, muka taho mu uku. Da Inna ta hango su sai ta miƙe ta rungume kan keken.

Baba ya yi sallama, ya cire takalmi. "Malama, a sake shi ya sha iska, ba shi muka zo ɗauka ba. A ba mu wurin zama dai." Ya juya ga Dogo. "Bismillah, shigo hedikwata. Ka sunkuya, kada rufin masana'anta ya fasa maka kai."

Dogo ya shigo a duƙe, ya zauna a benci, gwiwoyinsa suna taɓa keken. Baba ya ce, "Ƙirga injuna." Ya ce, "Ɗaya, Yallaɓai." "Duba ƙarƙashin benci, ko sun ɓoye saura." Sai Inna ta fashe da dariya, hawaye na zuba. Dogo ya cire hula ya ce, "Mama, ki yafe mini. Allo na karanta, ban shigo ba." Inna ta ce, "Ɗana, ba kai kaɗai ba ne, wanda ya zana allon ma bai cika shigowa ba."

Baba bai ci masa fuska ba, bai kuma ce mana an yafe haraji ba. Ya sa Dogo ya gyara takardar da hannunsa, aka mayar da mu cikin ƙananan shaguna, ya bayyana wa Inna abin da ke kanta na gaskiya, ya sa ta maimaita. Ta biya da kanta, ta rataye rasit ɗin a jikin bango. Yayana ya sauke allon da yamma ba tare da an ce masa komai ba, muka jingine shi a bayan ƙofa.

Baba, kai ne ka cire wa mutanen kasuwa tsoron takarda. Kai ne mai shiga ya zauna. Ka gyara ƙarami ba ka karya shi ba, ka tsaya wa hukuma a kan haƙƙinta, ka tsaya mana a kan namu. Maɗaurin jakarka sau biyu Inna tana ɗinke shi, sau biyun sai da ka biya, har kuna faɗa.

Talatar da ta wuce ƙungiya ta yi masa taron ajiye aiki, aka gayyace mu. An yi jawabai, an ba shi agogon bango. Da ya tashi, bai yi maganar kansa ba. Ya ce, "Gobe Laraba. Wa zai ɗauki tebur?" Wani daga baya ya ce yanzu ai komai a waya ake yi. Baba ya ce, "Wayar ma sai an karanta ta." Aka yi dariya, aka tafa, aka watse, ba wanda ya ce shi ne. Na ga yadda ya rataya jakarsa a hankali, abin ya tsaya mini a rai.

Na gode, Baba, a madadin Inna da keken da kowane shago da ka taɓa zama a bencinsa. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya sa ka gama lafiya. Ku kuma 'yan ƙungiya, da duk mai aikin da ya shafi jama'a, ku riƙa shiga kuna zama. Ba ya cin lokaci kamar yadda kuke zato.

Washegarin taron da sassafe na ciro tsohon allon daga bayan ƙofa. Tun da muka dawo daga taron na sa Yaya ya zana bayansa, na tsaya a kansa don kada ya ƙara ko kalma ɗaya: TEBURIN LARABA, A KAWO TAKARDA, KARATU KYAUTA. Na ɗora shi a ka na nufi kasuwa, ban san ko zan tarar da kowa ba.

Daga nesa na hango ƙafafun tebur a sama suna tafe. Dogo ne ya kifa shi a kansa, yana haɗa gumi. Ya sauke, teburin ya karkace, Dogo ya tsaya yana dube-dube. Sai ga Baba a kan bencin mai gyaran takalma, ba jaka, ba biro, yana miƙo masa ninkakken kwali.

"Ƙafar hagu, ɗana."

Na jingina allon a jikin teburin. Dogo ya sunkuya yana karantawa, Baba ya ce, "Wannan karon ka yarda da allon." Wata tsohuwa ta tsaya can gefe da takarda a dunƙule cikin mayafi, ta kasa matsowa. Na je na kama hannunta, na ce, "Zo, Kaka, ba ya cizo."