Gabun Matan Tama da Tablona Mai Kala Ukku

Shekarar da na dawo daga Yamai da ordinatar, wato kwamfuta, cikin jaka, ƙungiyar matan Tama masu yin gabu na albasa da busasshen tumatir sunka neme ni. Gwaggona ce shugabarsu. Ta ce sun ji yanzu cikin waya ake talla, ni kuwa an ce na karanci abin. Ɗan horo ne na yi, wanda rabinshi ya tahi wajen jiran kuran, wutar lantarki, amma ban gyara mata zance ba.

Na samo masu bidiyo ukku: wani mai barkwanci a Madawa, wata mai koya girki a Buza, da wani matashi a Tamaske wanda 'yan bida, masu ci-rani a Abijan, ke bi don su ga garinsu. Na buɗe ma kowane shafi cikin lojisiyel, manhajar ordinatar mai ƙidayar masu kallo da masu saye. Don in gane wa ya kawo wane ciniki, na ba kowa kalmar da mabiyanshi za su faɗi wajen saye: mai barkwanci "kore", mai girki "ja", na Tamaske "shuɗi". Wanda ya faɗi, a yi mishi gyara da dunƙulen gabu guda. Mata su aiko mini da saƙon murya kan kalmar da kowane mai saye ya faɗi, ni in shigar.

Kullum da hantsi sai in hau tudun bayan gari neman rezon waya, ordinatar bisa gwiwa, makiyaya na wucewa suna gaishe ni da tausayi. Ina kallon tablo, zanen ƙidayar cinikin, layin kore shina hawa, ja da shuɗi na kwance, ina jin kaina babban mutum.

Ranar taro na juya ma matan ordinatar, na ce a sallami biyu a riƙe mai barkwanci. Har na riga na aika ma mai girki cewa aikinta bai kawo kowa ba.

Gwaggo ta daɗe tana duban tablo. Ta ce, "Ɗana, wanga koren, shi ne wanda ake faɗi a samu gyara?"

Na ce shi ne.

"To ai duk kasuwa shi ake faɗi. Tsohuwar nan mai kawo nono daga Dewule, ko waya ba ta da, jiya sai da ta ce kore kahin ta kwance bakin zanenta ta hiddo kuɗi."

Wata ta ƙara da cewa su ma in mutum ya manta, sukan tuna mishi, don kar ya tahi hannu banza. Kore ya fi musu sauƙin riƙewa.

Na rufe ordinatar a hankali. Ƙungiya ta yanke a riƙe duka ukkun, tunda ba wanda ya san wa ya kawo cinikin, ni kuma in je in ba mai girki haƙuri da bakina.

Na hau moto zuwa Buza. Na iske ta tana soya albasa. Ta saurare ni har na ƙare, sannan ta miƙo mini wayarta.

"Malam, tunda ka zo, riƙe mini nan. Tukunya za ka nuna, ba ni ba."

Na riƙe har miya ta nuna. Hayaƙi ya sa ni hawaye, sai da munka sake ɗaukar bidiyon daga farko.