Muryar da Ta Sauko da Mu Sakkwato

Shekarun baya, tun zamanin Turawa, na yi wa wani Bafaranshe mai sayen fata aikin tafinta. Mu 'yan Illela ne, gidanmu na fatauci, kullum muna tsakanin nan da Konni, a can na tsinci Faransanci. Wata damina maigidan nawa ya ɗauki hayar ƙaramin jirgi daga garin Tawa zuwa Sakkwato, ya ce in raka shi. Ban taɓa hawa abin da ya fi raƙumi tsawo ba, amma na zuba babbar riga ina ta hura hanci.

Muna tafe hadari ya tare mana hanya. Matuƙin, shi ma Bafaranshe, ya yi ta kewaye shi har mai ya ja baya. Na ga yana ƙwanƙwasa agogon man da yatsa, gumi na tsiyaya daga gemunsa. Ya kira filin jirgin Sakkwato ta rediyo, amma tsoro ya wargaza ɗan Ingilishin da yake ji, mutumin da ke filin ya kasa fahimtarsa. Can sai matuƙin ya miƙo mini abin magana, wai ana tambaya ko akwai mai jin Hausa.

"Salamu alaikum," in ji wata murya a natse. "Malam, mi kaka gani ƙasa?"

Na ce, "Mutuwa nika gani!"

"Ba ita na tambaya ba. Duba da kyau."

Na leƙa. Ga gonakin Araba kore shar, ga Illela, har rumfunan kasuwarmu. Na tuna mahaifiyata tana can tsakar gida, ba ta san ɗanta na rataye a samanta ba. Na faɗa masa inda muke.

"Madalla. Tambayi matuƙin, man zai kai ku?"

Matuƙin ya ce da ƙyar.

"Da ƙyar ma kaiwa ce. Ya bi hanyar mota kudu, ya sassauta inji, kada ya yi ƙasa sai na ce. Na sa an kore shanu daga fili."

Haka muka yi ta yi, mai muryar ya faɗa da Hausa, ni in juya da Faransanci, tsakani ina salati. Tayoyinmu na taɓa ƙasa injin ya yi tari ya mutu.

Na je in yi godiya, na tarar da wani magidanci zaune gaban rediyo, rigarsa jiƙe sharkaf da gumi, hannunsa na rawa har ya kasa riƙe moɗar ruwa. Na ce, "Yallaɓai, ashe kai ma tsoro ya kama ka?" Ya ce, "Awo. In na bari ka ji, wa za ya riƙe wani?"

Ban sake ganinsa ba. Amma har yau, duk wanda ya zo mini a firgice, sai in ɓoye hannuwana cikin riga, in tambaye shi abin da yake gani.