Sunan da Na Kusa Bari a Toranke

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga Kano, mu huɗu da malamarmu, cikin wata tsohuwar bas da sai an ɗaure ƙofarta da igiya. Dukkanmu 'yan aji uku ne a sashen nazarin walwalar jama'a, kuma akwai kwas ɗin da ba a cin sa a zaune: dole ka shiga ƙauye ka yi aiki da mutane. An tura mu Toranke, a ƙaramar hukumar Ajingi, mu bi gida-gida mu rubuta masu lalurar ƙafa, domin wata ƙungiya za ta raba kekunan guragu. Tun a mota Malama ta ja mana kunne cewa washegari za a rufe karɓar sunaye. Duk wanda muka tsallake ya rasa ke nan.

Bayan mun wuce Wudil sai gonaki suka buɗe, gero ya sunkuya, mata na ta tsigar gyaɗa a gefen hanya. A Gaya muka karya da kunun tsamiya da ƙosai. Mai ƙosan ta ga jakunkunanmu ta ɗauka 'yan rigakafi ne, ta cika mana gyara, mu kuwa ba mu yi saurin gyara mata zance ba. Ƙosan naira ɗari biyu a nan ya fi na ɗari biyar a unguwarmu auki.

Daga Ajingi sai babur. Wani abokin tafiyarmu, wanda ya fi kowa maki a darasin dabarun hira, ya ce mu bar masa ciniki da 'yan acaɓa. Ya yi ta zuba bayani har suka gane baƙi ne mu, suka ƙara kuɗi. Haka muka ratsa burtali, yashi na karkatar da taya, ni kuwa ina ta salati a baya.

Bayan mun gaida mai unguwa aka raba mu. Ni na shiga cikin gidaje wajen mata. A gida na shida na tarar da wata mata tana sussuka. Na bi tsarin da aka koya mini tiryan-tiryan: gaisuwa, gabatar da kai, neman izini, sannan tambaya. 'Ya'ya nawa? Ta ce huɗu, ta jero sunayensu. Akwai mai lalura a cikinsu? Ta ce duk lafiyarsu lau. Na rubuta, ina jin kaina cikakkiyar ma'aikaciya.

Har na kai bakin zaure sai idona ya faɗa kan wata shaida a ƙasa, kamar an ja buhu daga tsakar gida zuwa wani ɗaki. A ƙofar ɗakin ga silifas guda biyu, sun cinye ta wajen da ƙafa ba ta cinye takalmi. Ni dai akwai ni da son sani. Na tambayi wata tsohuwa da ke ɓarar gyaɗa a inuwa, surukar matar ce.

"Iya, wa ke kwana a ɗakin can?"

Ta dube ni ta yi dariya. "Ke 'yar birni, a ina kika taɓa jin an tambayi uwa 'yarta ta fari? Ai ko lissafi ba za ta sa ta ba, bare suna. Saude, fito ga baƙuwa."

Budurwa ce mai kimanin shekara goma sha bakwai, shan inna ya taɓa ƙafafunta tun tana ƙarama. Ta fito da silifas ɗin a hannuwanta, fuskarta fes. Kunya ta kama ni. Ni ma 'yar fari ce, amma mahaifiyata ƙwala mini kira take da sunana tun daga kicin, shi ya sa na ɗauka wannan al'ada ta zama labari.

Ina cikin rubutu Saude ta ce, ba tare da wani fushi ba: "Anti, ke ce ta uku da ta zo da takarda. Kowa sai ya rubuta ƙannena ya tafi."

Na fita na samu Malama, ta tara mu a gindin wata tsamiya, ta ce mu sake bin gidajen, wannan karon mu tambayi kakanni da maƙwabta. Ran nan da yunwa muka kai la'asar, sai fura da nono da muka saya wajen wata Bafulatana.

Da za mu tafi, mahaifiyar Saude ta biyo ni zaure da ƙullin gyaɗa. Ba ta kalle ni ba. A hankali ta ce, "Waccan ɗin, tana son zuwa islamiyya. Nisa ne."

Mun iso Kano bayan magariba, jiki duk ciwo. Shekara uku ina koyon yadda ake tambaya, sai a Toranke na gane cewa dole ka san wanda za ka tambaya, ka kuma dubi ƙasa kafin ka rufe littafi. Da safe na kai takarduna ofishin Malama. Sai da na ga ta shigar da sunan Saude da idona, sannan na tafi aji.