Tafiyar Malama a Allon Kwamfuta

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Alhamis, sha ɗaya ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran malamar da ke koya wa yara kwamfuta a ɗakin saman shagon tela, bayan gajeriyar jinya.

Malama, ni ne tsohon da ke zama a bencin baya yana jiran jikarsa. Da furfurata na yi karatu a ajin yamma, don haka ba na kunyar tambaya, ke kuma ba ki gajiya da amsa. Ke kika fahimtar da ni cewa ɗan mutumin da ke tafiya a allon kwamfuta zane-zane ne ake sauyawa da sauri har ido ya yarda. Da yaran suka kasa zana takun tafiya, sai kika tashi kina zagaya ɗakin a hankali, kina jan ƙafarki ta hagu kamar kullum, kika ce su zana abin da suka gani. Jikata ta zana ki har da ɗingishin. Kika yi dariya, kika hana ta gyarawa.

Abu ɗaya ya rage. In zanen ya kai bakin allo, ficewa yake yi ba ya dawowa. Kika ce ranar Asabar za ki koya musu juyo da shi.

Bayan rasuwarki yarinyar ta daina cin abinci. Sai ta kunna zanen, ta ga kin ratsa allon kin ɓace, ta sake kunnawa. Uwarta ta ce a goge shi. Na roƙa a dakata.

Jiya da hantsi ta kira ni. "Tsoho, ɗauko tabarau ka zo."

"Amarya, ba na zuwa kiran mai yunwa," na ce, amma na je.

Ta gano da kanta umarnin da ake ba kwamfuta don juyo da zanen. Kika taho kina jan ƙafa, kika kai bakin allo, kika juyo. Yarinyar ta daɗe tana kallo.

"Kaka, ba ita ba ce. Da ta juyo, ƙafar dama take ja."

Sai ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar jana'iza, sannan ta tambayi uwarta ko akwai sauran abinci. Ina rubuta wannan cikin farin cikin da har kunyarsa nake ji a kwanakin makoki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki. Ga mijinki da 'ya'yanki da ɗalibanki, Allah Ya ba ku haƙurin rashinta.