Bu Man-seop, Mai Gyaran Hitar Jirgina

Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, labari ya iske mu a bakin gaɓa cewa Bu Man-seop, makanikin ƙauyenmu, ya cika a asibitin birnin Jeju, nan Koriya ta Kudu, bayan jinyar huhu. Ina kwance igiyar jirgi aka faɗa. Matata Geum-rye ta zauna daɓas a kan jiƙaƙƙen siminti, sauran mata masu nutso suka tuɓe tabaransu na shiga ruwa. Ranar ba wadda ta shiga ruwa.

Yaya Man-seop, ni ne Yang Dal-su. Ka san ban iya yabonka ba, amma an ce in rubuta, tunda a jirgina ka yi aikin da aka fi tuna ka da shi.

Shekara da shekaru ina kai matan ƙauyen nan tsakiyar teku su nutse su ɗebo katantanwa, in dawo da su lafiya. Ban taɓa jin wadda ta ce Dal-su ya iya tuƙi ba. Kai kuwa fitila kawai za ka canja, a wuni ana zancenka.

A hunturun da hitar jirgina ta dame mu abin ya fi ci mini rai. Tsohuwa in ta fito daga ruwan sanyi, leɓenta ya yi baƙi, ruwan zafin nan da za ta kwara a jiki shi ne ranta. Sai ɗan makunnin da ke yanke wuta in ruwa ya yi zafi ya dinga ƙonewa. Ka sa sabo, ya mutu. Ka sake, ya sake. Ka auna janareta, ka bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ka wanke tankin, ka canja ƙarfen da ke dafa ruwan. Ba a yi mako biyu ba muka koma gidan jiya. Rannan Iya Chun-ja, wadda ta fi su tsufa, ta fito tana kakkarwa, famfo ya ba da ruwan sanyi, sai da muka naɗe ta da barguna muka garzaya asibiti. Kaɗan ya rage.

Kullum ka zo gyara, Geum-rye sai ta ɗora maka miyar ciyawar teku, ta ɓare maka lemu da hannunta. Ni kuwa in na nemi lemu sai ta nuna mini kwando da haɓa. Na gaji na tare ka.

"Yaya, anya hitar nan ce ke lalacewa, ko miya ce ke kiranka?"

Ka yi dariya har da tari. "Da miya nake bi, ai da na gyara hitar na lalata murhu."

Geum-rye ta ce, "Rabu da shi, Yaya. Kishi ne, ya gaje shi wurin ubansa."

Duk ƙauye an san ba ka shiga teku, ko a gaɓa jirgi ya yi rawa sai cikinka ya juya. Amma bayan abin da ya sami Iya Chun-ja, ka ce ciwon da ba ya nuna kansa a gaɓa, a teku yake. Ka bi mu da bokiti a hannu. Ka wuni kana amai a gefen hitar, idonka a kanta. Da matan suka hau, sai ka ga kowace ta tuɓe safar hannunta ta roba ta shimfiɗa a saman tankin don ta yi ɗumi. Ruwan gishiri na tsiyaya a hankali, yana bin bayan murfi, yana sauka daidai kan wayoyin makunnin. Kafin mu iso gaɓa ya bushe, ba mai gani.

Ni da na gano haka, da na yi musu faɗa har a ji ni a tsallake. Kai ba ka ce kowa ta yi laifi ba. Ka rufe makunnin da roba, ka lanƙwasa bututun ruwan zafi ya bi jikin bango, ka ce, "Ga wurin shanyar safa nan, iyayena." Hitar ba ta ƙara mutuwa ba. Ni kuma ban ƙara hutawa ba. Ƙofa ta yi ƙara a gida, sai in ji Geum-rye ta ce, "Da Yaya Man-seop ne..." Har shekarar da guguwa ta zo ina kwance da karaya, kai ka je cikin iska ka ƙara wa jirgina igiya. Na gode maka, amma sai da na ji haushin cewa kai ne.

A gidan makoki na ga tsofaffin matan nan sun jeru suna rusuna wa hotonka, gwiwoyinsu na ƙara. Geum-rye ta yi kukan da ban taɓa ganin ta yi ba. A hanyar gida na kasa daurewa, na ce, "In ni ne, za ki yi mini kuka haka?"

Ta share ido ta ce, "Mutu mu gani."

Sai na fashe da dariya, dariyar ta juye mini kuka a tsakiyar titi, don na tuna ba ni da wanda zan kai wa wannan ƙara ya yi mini dariya.

Allah ya ji ƙanka, Yaya, ya yafe maka, ya ba ka hutun da ba ka samu ba a duniya. Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka Hyeon Mal-sun, da 'ya'yanka Gi-tae da Eun-sil, da jikoki, da dukan matan da suka ji ɗumi ta dalilinka. Allah ya ba mu haƙuri. In tawa ta zo, ina roƙon a faɗi rabin abin da aka faɗa a kanka, ko da ƙari aka yi mini.