Malam Ya-danganta

Shekarun baya kaɗan, ina gama bautar ƙasa, mahaifiyata ta haɗa ni da wata ƙawarta mai ɗakin gwajin jini a Tarauni. Sabarsu, wato babbar kwamfutar da ke riƙe sakamakon marasa lafiya, ta tsufa. Da an ɗauke wuta sai ta shanye batirin inbata ta mutu, wani lokacin har da aikin ranar, a sake kiran mutane a ɗebi jininsu. Mahaifiyata ta ce mata, “Ga ɗanki nan, abin da ya karanta ke nan.” Wannan maganar ta fi aikin kansa ba ni tsoro.

Zaɓi biyu ne a gabana, bambancinsu kuma a furosesa yake, ƙwaƙwalwar na'urar. Akwai wanda aka saba da shi, x86, mai ƙarfi da tsada da cin wuta. Akwai kuma mai tsari irin na cikin wayoyinmu, ya fi araha, ba ya zafi sosai, sai dai ba kowace manhaja ce ke aiki a kansa ba. Na yi kusan mako biyu ina karanta gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashen da ba a ɗauke wuta, na rubuta shafi tara na kai wa Hajiya, mai ɗakin gwajin.

Ko buɗewa ba ta yi ba. Ta ce, “Wanne ya fi?”

Na ce, “To, Hajiya, ya danganta.”

“Wanne ya fi sauri?”

“Shi ma dai... ya danganta.”

Ta zare tabarau ta dube ni. “Ɗan nan, in na tambaye ka sunanka, shi ma ya danganta?”

Ma'aikatan suka kwashe da dariya, daga ranar na zama Malam Ya-danganta. Amma da ta ga fuskata sai ta sassauta murya. Ta ce ita in tana shakkar zazzaɓi ba littafi take tambaya ba, ma'auni take sawa a hammata.

Washegari na je shagon abokina mai gyaran kwamfuta a Gyaɗi-Gyaɗi, na roƙe shi aron guda biyun, mai x86 da mai irin na wayar. Ya ce, “Kai da za ka duba sau goma ko ka kulle ƙofa, ai na san ba za su ƙwarzane ba.” Na rungume su a adaidaita sahu kamar jarirai.

Lokacin bazara ne. Muka kashe wutar da kanmu bayan azahar, muka bar batir kawai. Na farkon ya fi sauri, babu musu, amma fankarsa ta dinga gurnani, kafin la'asar inbata ta fara kuka. Da aka gwada na biyun washegari, har aka tashi aiki bai gaji ba. Jinkirinsa kuwa, mai buga sakamako ta ce ita ba ta ma lura ba.

Har na buɗe baki zan ce shi za a saya, sai tsoron nan nawa ya motsa. Na ce a bari in jona injin ƙirga jini tukuna. Manhajarsa ta ƙi tashi sam a kan mai arahar.

Na koma ofishin Hajiya. Na ce, “Hajiya, ya danganta...” Ta ɗaga gira. Na yi sauri na ƙarasa: ajiyar sakamako a ba wa mai arahar, shi zai jure rashin wuta, injin jini kuma a bar masa tsohuwar kwamfutar, a riƙa kunna ta lokacin gwaji kaɗai.

Ta yi murmushi. “Yauwa. Da ma ba kalmar na ƙi ba, rabin zance kake ba ni.”

Haka aka yi, kuma iya sanina ba a sake kiran kowa ɗibar jini saboda wuta ba. Har yau ban daina cewa ya danganta ba, ina jin ba zan taɓa dainawa ba. Na dai koyi in faɗi da me. Sunan kuma ya bi ni har gida: in mahaifiyata ta tambaye ni ko zan ci tuwo, kafin in amsa sai ta ce, “Na sani, na sani. Da wace miya?”