Jirgin Yaya Idi da Zauren Babanmu

Duk wanda ya taɓa gaishe da Yaya Idi mai walda a Bebeji ya san ba a samun amsa nan take. Ka ce, "Ina kwana, Malam Idi?" sai ya tsotsi ɗan yatsa, ya ɗaga sama, ya lumshe ido. Sai ya gama jin inda iska ta dosa sannan ya ce, "Daga gabas take. Lafiya lau." Ko liman haka yake yi masa. Ni kuwa ƙanwarsa, autar gidanmu, na fi kowa shan wannan jira, don bayan rasuwar maigidana gidan babanmu na dawo muka zauna tare, ni da kajina, shi da jirginsa.

E, jirgi na ce. Jirgin sama, a tsakar gida, tsakanin rumbu da rijiya.

Shekara bakwai yana haɗa shi. Injinsa na ban ruwa ne da ya tsufa a lambun tumatir can wajen Bagauda. Kujera ta tsohuwar bas ce. Farfela kuwa masassaƙin turmi ya sa ya fafe masa da icen maɗaci. Ranar da ya fara tayar da injin nan, na shanya dakakken barkono a tabarma. Wayyo Allah! Barkono ya tashi ya game gida, muna tari, awaki na atishawa, maƙwabta na salati ta bayan katanga. Kazata mai kwanci sai ga ta a kan rumbu.

Na ce, "Yaya, ka gama da mu!"

Ya share hawaye ya nuna rumbu. "Auta, kazar can da ƙafarta ta hau?"

"A'a."

"To alhamdulillahi. Inji yana ɗagawa."

Ashe ba shi kaɗai Allah ya jarraba ba. Suna da ƙungiya a cikin waya, masu ƙera jirgi a gida, suna ba juna shawara kan kauri da nauyi da irin man da za a zuba. Wata rana ya nuna mini hoton ƙasa, taswira suke ce mata, an ɗiga mata jan ɗigo nan da can. Kowane ɗigo gidan mai jirgi ne. A yankinmu huɗu ne: Kiru, Tudun Wada, Doguwa, sai namu. Wanda jirginsa ya rabu da ƙasa, a mayar masa da ɗigonsa kore. Dukansu sunansu Kyaftin. A cikinsu Alhaji Bala na Kiru ne kaɗai ya taɓa shiga jirgi, da ya je Makka, kuma da bakinsa ya ce tun daga Kano ya rufe ido yana salati, bai buɗe ba sai da aka ce a sauka. Shi ne babban malaminsu. Ni dai abin da na sani game da taswirar nan, duk wanda ya biyo ta, daidai lokacin kwashe tuwo yake sallama.

Ana nan, ana nan, sai iskar farkon damina ta ɗauki jirgin Kyaftin Musa na Tudun Wada ta dire shi a gonar maƙwabcinsa. Musa yana masallaci a lokacin. Akuyarsa ce a ciki, ta shiga fakewa. Amma ya ce shi dai jirginsa ya tashi, a ba shi kore. Aka ba shi! Ranar Yaya ko ruwan koko bai sha ba. Ya kafa waya a baki yana faɗa, har jijiyar wuya ta fito.

"In adalci ake so, akuyar za a ba. Ita ce Kyaftin!"

Haushin koren nan ya sa ya ƙarasa jirginsa cikin wata biyu. Tun farko abokansa sun ce masa fiffike da noti ake ɗaure shi, don a iya kwancewa a mayar. Ya ce noti tsada, kuma yana warwarewa, walda kuwa har tashin ƙiyama. Ya bi gaɓa-gaɓa ya liƙe komai, ya shafa fenti, ya ja baya yana murmushi. Sai a lokacin ya waiwaya ya dubi ƙofa.

Kun san gidan. Dama da hagu da baya duk ɗakunan maƙwabta ne. Hanya ɗaya ce, zauren da babanmu ya gina da hannunsa, mai ƙofa biyu da ba sa kallon juna, wanda ko jaki sai an sauke masa mangala yake wucewa. A nan Baba yake zama, a nan aka ɗaura aurenmu duka, a nan aka shimfiɗe shi ranar da ya bar duniya.

Yaya ya ce, "Auta, zauren nan ya tsufa."

Na ce, "Kai ma ka tsufa, ba a rushe ka ba."

Sai ya tara Kyaftin-Kyaftin. Suka zo ran wata Asabar, Kyaftin Haruna na Doguwa har da diga a kafaɗa, tun daga can ya shigo da ita bas. Ni kuwa na riga su. Na shimfiɗa tabarma a tsakiyar zaure, na miƙe ƙafa, na ɗauki carbi.

Haruna ya durƙusa. "Inna, a yi haƙuri. Ci gaba ne ya zo."

"Sannu da zuwansa. Ɗana, kai naka jirgin yana ina?"

"Yana ɗaki, Inna."

"Ya fito?"

Ya sosa ƙeya. "Sai an ɗaye rufi."

"To ga digarka nan, ka fara da naka."

Alhaji Bala ya ce a tayar da jirgin Yaya daga tsakar gidan mana, ya tsallake katanga. Musa ya ce a jira iska irin tasa. Da suka rasa ta yi, suka ɗauki hoto suka aika wa ƙungiya. Wani daga wata ƙasa mai nisa ya amso, aka fassara wa Yaya: wai me ya hana shi auna ƙofa kafin ya fara? Yaya ya ce wannan yaron ba shi da tarbiyya, a goge ɗigonsa. Suka ci tuwona suka watse.

Daga ranar na mayar da tallan daddawata zaure, don kada a yi mini sakiyar da ba ruwa ina cikin gida. Shekara biyu muna haka. Kullum da safe sai ya fito da awo, ya auna ƙofar, ya koma ya auna fiffike. In ce, "Ta ƙaru, Yaya?" Ya ce, "Saura kaɗan." Saura kaɗan ɗin nan ya fi tsawon mutum biyu.

Sai ciwo ya kwantar da shi. Ya sa aka ja masa katifa bakin ƙofar ɗaki, inda zai riƙa hango jirgin. Na ga mutumin nan yana ƙarewa, ɗigonsa na nan ja. Zuciyata ta karye. Wata la'asar na kai masa kunu, na zauna na ce, "Yaya, na yarda. Ka kira Haruna ya zo da digarsa. Baba zai yafe mana."

Ya kalle ni. Sannan ya yafito ni, ya rage murya.

"Ke Auta, ashe ba ki da wayo? In an fitar da shi ya ƙi tashi fa, gaban duk Bebeji? Yanzu kowa ya san jirgin Idi lafiyarsa ƙalau, ƙanwarsa ce ta tare hanya. Koma ki zauna a inda kike. Kada ki kuskura ki tashi."

Na yi dariya har kunun ya zube, na koma bayan rumbu na yi kuka.

Kwana tara bayan nan aka fito da Yaya ta zauren, a kafaɗar su Alhaji Bala da Musa da Haruna. Suka karya kwanar nan a hankali, ko gefen bango makarar ba ta taɓa ba. Ni ce na naɗe tabarmata na ba shi hanya.

Allah ya jiƙan Yaya Idi, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci. Ya buɗe masa ƙofar da ba sai ya auna ba, ya sada shi da Baba cikin rahama. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.